Yadda Za Ka Duba Darasin Malami Ka Yi Masa Gyara Ba Tare Da Ka Kashe Masa Gwiwa Ba

Tun da aka shiga wannan zango tambaya ɗaya ce take ta zuwa mini, daga sababbin mataimakan firinsifal masu kula da karatu, da shugabannin sashe, har da wasu masu makarantun kuɗi a Rigasa da Unguwar Mu'azu. Kowa da yadda yake faɗinta, amma maganar guda ce: "Na shiga ajin malami, na ga kuskure, na faɗa masa gaskiya. Tun daga ranar ko gaisuwar kirki ba ma yi, aikin ma sai ƙara ja baya yake. Ina na kuskure?"

Na daɗe ina riƙe da alli a sakandare kafin a ɗora mini duba darussan abokan aikina, don haka na san zafin abin ta kowane ɓangare. Malami ba ya ƙin gyara. Abin da yake ƙi shi ne a ci masa fuska, ko a jibga masa laifi goma a tashi ɗaya a kaɗe riga a bar shi da su.

Sannan ka tuna a Kaduna kake. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar tantancewa, aka ce 21,780 ba su ci ba, aka sallame su, har ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, ta tafi yajin aiki a farkon 2018. A 2022 hukumar ilimin matakin farko ta jiha, SUBEB, ta sake sallamar 2,357, wasu don ba su zauna wata jarrabawar ba, wasu don ba su ci ba. Ba nan ne wurin muhawara kan dacewar hakan ba. Abin da ya shafe ka shi ne, da wuya ka sami ofishin malaman sakandare da babu wanda abin ya taɓa ƙaninsa ko matarsa ko maƙwabcinsa. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ko hayaƙi ya gani sai ya nemi ruwa. Idan ka shigo aji da takarda da biro, abin da ke fara zuwa zuciyar malami shi ne abincinsa, ba taimakon da ka zo yi ba. Duk matakan da ke ƙasa don cire wannan tsoron ne, saboda gyara ba ya shiga kunnen mai tsoro.

Abin da za ka tanada

Littafin rubutu mai kauri guda ɗaya wanda ba ka yin komai da shi sai wannan aiki, biro, agogon hannu, jadawalin darussa, da sikim, wato jerin batutuwan da za a koyar a zango, na darasin da za ka duba. Idan makarantarku tana da fom na duba darasi, ka yi fotokwafi biyu. Kuɗin fom ɗin bai kai kuɗin keke daga Kawo zuwa Kasuwa ba. Kada ka dogara da agogon waya, domin duk wanda ya gan ka da waya a hannu a bayan aji zai ɗauka hoto kake ɗauka ko hira kake yi.

Tsadar aikin a lokaci take. Minti 10 kafin darasi, 40 a cikin aji, 15 kai kaɗai da takardarka, 20 na zama da malamin, 15 na komawa dubawa. Minti 100 ke nan a kan malami ɗaya. Idan kuna da malamai 30, awa 50 ce a zango guda, bayan ka cire makon farko da makonnin jarrabawa. Mutum ɗaya ba zai iya ba. Ka raba da shugabannin sashe tun farkon zango, ko ka rage yawan waɗanda za ka duba. Gara ka yi wa malamai goma aiki cikakke da ka leƙa talatin ka bar su da zullumi.

1. Ka san abin da ya kai ka ajin

Shiga aji iri biyu ce: ta gyara da ta ba da maki. Ta gyara tsakaninka da malami take, ba ta shiga fayil. Ta maki ita ce ke bin sa har wurin ƙarin girma. Ka zaɓi ɗaya kafin ka tashi daga kujerarka, kuma ka faɗa masa wacce ce.

Hattara: kada ka ce ta gyara ce sannan abin da ka gani ya ɓullo a rahoton ƙarshen shekara. Sau ɗaya ka yi haka, labari ya gama ofishin malamai, babu wanda zai sake nuna maka inda yake da rauni.

2. Ka sanar da shi, ku yi zaman minti goma

Kwana biyu ko uku kafin ranar, ka same shi da kanka. "Malam, ina son in zauna a ajinka ranar Talata, firiyod na biyu. Na gyara ne, ba na fayil ba. Me za ka koyar, kuma me kake so in lura maka da shi?"

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mabuɗin. Da farko zai ce ba komai, duk abin da ka gani. Ka ɗan jira. Sau da yawa sai ka ji ya ce yaran baya ba sa bin sa, ko lokaci yana ƙare masa kafin ya kai ga ba da aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan shi ya nuna maka wurin da bakinsa, ranar da ka dawo da magana a kai ba zargi ka kawo ba, amsar tambayarsa ka kawo.

A nan ne za ka duba lesin not ɗinsa, ba a ƙofar aji ɗalibai suna kallo ba.

Wasu suna cewa idan ka sanar, malami zai shirya maka darasin ganin ido. Haka ne, zai shirya. To ai ka ga iyakar abin da zai iya ke nan idan ya dage, kuma daga nan ake fara gyara. Idan kana son sanin ko yana shiga aji a kan lokaci, zagayen da kake yi kullum ya ishe ka, wannan wani aiki ne daban.

3. A cikin aji: ka zauna, ka ƙirga, ka yi shiru

Ka riga shi shiga ko ku shiga tare. Ka gaishe shi da girmamawa yadda ɗalibai za su ji, ka wuce can baya ta gefe ka zauna a benci. Kada ka tsaya a taga, kada ka shiga darasi ya yi nisa, kada ka fita bai ƙare ba.

Abin da za ka rubuta shi ne lokaci da abin da ya faru, ba ra'ayinka ba. Kamar haka:

8:50, ya rubuta kan darasi. 8:52 zuwa 9:14, yana kwafar not a allo, ya ba ɗalibai baya. 9:15, tambaya ta farko, hannu huɗu, duk a layin gaba. 9:16, ya amsa da kansa.

Ka ƙirga ɗalibai, ka ƙirga benci, ka ƙirga masu littafin darasin. Ka zana ajin a gefen shafi, duk wanda aka tambaya ka ɗiga masa alama a inda yake zaune. A ƙarshe zanen da kansa zai nuna maka ko darasin ya kai baya ko a layi biyu na gaba ya tsaya, ko kuma 'yan mata sun yi magana idan ajin a haɗe yake. Kusa da tashi ka karɓi littattafai uku, na gaba da na tsakiya da na baya, ka ga ranar da aka yi musu makin na ƙarshe.

Kalmomi irin su "ba shi da kuzari" ko "bai iya riƙe aji ba" kada su shiga littafinka. Da su ake gardama. Babu mai gardama da minti 22 a gaban allo.

Babban gargaɗi na wannan mataki: kada ka karɓi alli. A shekarata ta biyu da fara aiki wani mai dubawa ya zo ajina na ɗaya a babbar sakandare. Na kuskure harafi a wata kalma a allo. Ya taso daga baya, takalminsa yana ƙara a siminti, ya zare allin daga hannuna, ya goge kalmar da tafin hannu ya sake rubutawa, sannan ya juya ya tambayi yara, "Haka ne ko ba haka ba?" Suka haɗa baki suka ce haka ne. Ina jin dariya ƙasa-ƙasa daga bayan aji, gumi yana bin bayana, na rasa inda zan sa hannuna da ya rage ba alli. Gyaransa daidai ne. Amma har zangon ya ƙare ban sake gwada wata sabuwar dabara a ajin nan ba. Na koma kwafar not daga littafi harafi bayan harafi, domin a nan ne kawai ba za a kama ni ba. Yaran ne suka yi asara, shi kuwa ya tafi yana ganin ya yi aiki.

Idan malami ya koyar da abin da ba daidai ba, ka rubuta, ka faɗa masa daga baya, ka bar shi ya gyara da bakinsa a darasi na gaba. Abu ɗaya ne ke sa ka katse darasi: idan ana cutar da yaro, ko akwai haɗari kamar a ɗakin gwaje-gwaje. Ko a nan, ka matsa kusa ka ce, "Malam, minti ɗaya a waje," ku yi maganar a can.

Da aka kaɗa ƙararrawa, ka ce masa, "Sannu da aiki, Malam, na gode. Gobe bayan tara za mu zauna." Kada ka fita fuska a murtuke ba ka ce komai ba. Wannan shirun yana hana mutum barci.

4. Ka zauna kai kaɗai ka zaɓi abu ɗaya

Tun abin bai huce ba ka raba shafi gida uku: abin da ya yi kyau, abin da ke hannun malami, abin da ke hannun makaranta.

Gida na uku shi ake yawan tsallakewa, kuma a nan zalunci yake shigowa. Aji mai yara 90, allo da ya koɗe har alli ba ya kamawa, littafi ɗaya ga mutum shida, malamin da ya karanta Labarin Ƙasa aka ba shi Lissafi don babu mai yi. Idan ka rage masa maki saboda bai zaga aji ba alhali babu hanyar da ƙafa za ta bi tsakanin benci, ya san ba ka yi masa adalci ba, kuma duk gaskiyar da za ka faɗa bayan nan ta zube. Abin da ke wannan gida naka ne, kai za ka ɗauka.

Daga gida na biyu ka zaɓi abu ɗaya tak. Za ka ga bakwai, zuciyarka za ta ce ka faɗe su duka tunda ga dama. Ka danne. Ka zaɓi wanda zai iya farawa gobe ba tare da ya kashe ko sisi ba, wanda kuma idan ya gyaru zai ja wasu su gyaru. Malamin da ya rage kwafar not ya juyo ya fuskanci yara, surutun baya ma raguwa yake ba tare da an ambace shi ba. Sauran shidan suna nan a littafinka, za su jira.

5. Lokaci da wuri

Kada ya wuce kwana biyu. Bayan mako guda shi ya manta darasin, kai ma ka manta, sai fargabar da ya kwana da ita kawai ta rage.

Ka je da kanka ka kira shi. Kada ka aiki ɗalibi ya tsaya a ƙofar aji ya ce, "Malam, ana kiranka a ofis," domin kafin ya fita ajin ya gama yanke masa hukunci. Ba a ofishin malamai ba, ba a taron malamai ba, ba a filin taron safe ba, ba kuma a zauren WhatsApp na makaranta ba, ko da ba ka kama suna ba. Hannunka-mai-sanda a cikin taro kowa ya san da wa ake.

Kada ka tare shi lokacin tashi, yana sauri ya sami motar Mararrabar Jos ko ya ɗauko yara daga makaranta. Zai ce "to, to, na gode" don ka sake shi, ba abin da ya ji. Ka nemi firiyod da ba shi da darasi.

Ka fito daga bayan tebur ku zauna gefe da gefe, takarda a tsakaninku. Idan kai namiji ne ita malama ce, ko akasin haka, ka bar ƙofa a buɗe, ko ku zauna a benci ƙarƙashin bishiya inda ana ganinku amma ba a jin ku. Wannan kariya ce ga mutuncinku ku biyu.

6. Zaman kansa

Nan ne ake gyarawa, nan ne kuma ake ɓatawa, don haka ka bi shi a jere.

Ka fara da gaisuwa ta gaske, ya gida, ya yara, ya mai jiki idan ka san akwai. Sannan ka sake tabbatar masa cewa wannan ba ya zuwa fayil.

Sai ka ba shi magana. "Malam, kai ya ka ga darasin jiya? Ina ne ya tafi yadda ka so, ina ne bai tafi ba?" Ka yi shiru ka saurara. Malamai da yawa da kansu suke faɗin abin da ka rubuta, wani lokaci ma su fi ka tsanantawa. Idan ya faɗa, rabin aikinka ya ƙare.

Sai yabo, amma yabo mai hujja. "Ka yi ƙoƙari" ba yabo ba ne, kowa ana faɗa masa. Ka ce, "Lokacin da ka kawo misalin mai awo a kasuwa da mudu da tiya don bayanin kashi a Lissafi, na ga yara uku a baya da suke kwance a benci sun ɗago." Wannan ya nuna masa ka kalli aikinsa da gaske, ya kuma san abin da zai maimaita.

Hattara da kalmar "amma". Malamai sun daɗe da gane cewa duk abin da ya zo kafin "amma" shimfiɗa ce, ainihin maganar tana bayanta. Idan ka liƙa yabo da gyara da wannan kalma, yabon ya mutu. Ka gama yabon, ka tsaya, ka bar shi ya ce wani abu a kai, sannan ka buɗe sabuwar magana.

Yanzu ka tura masa takardar. "Ga wani abu da na ƙirga. Ka yi tambaya sau tara. Bakwai a layin gaba, biyu kai ka amsa. Me kake gani a nan?" Ka lura, ba ka ce masa komai a kan kansa ba. A kan darasi kuke magana, ku biyu kuna kallon takarda ɗaya. Wasu masana biyu, Kluger da DeNisi, sun tattara ɗaruruwan gwaje-gwaje a 1996 kan faɗa wa mutane sakamakon aikinsu, suka gano cewa a fiye da kashi ɗaya cikin uku aikin lalacewa ya ƙara yi bayan an yi maganar. Bayaninsu shi ne, da zarar magana ta bar kan aiki ta koma kan mutum, hankalinsa yana komawa ga kare kansa. Duk wanda aka taɓa ce wa "kai dai ba ka da himma" ya san haka ba sai an kawo masa bincike ba.

Zai kawo uzuri: yara sun yi yawa, sikim ya yi tsawo, jarrabawa ta matso. Kada ka ɗauke shi gardama. Sau da yawa gaskiya ne, kuma yana cikin gida na uku da ka riga ka rubuta. Ka nuna masa: "Na gani, ga shi nan na rubuta. Allon nan ni zan sa a shafa masa baƙi kafin ƙarshen mako mai zuwa." Kada ka yi alkawarin abin da ya fi ƙarfinka, kamar rage yawan ɗalibai. Ka ce za ka kai maganar gaba, kuma ka kai.

Sannan gyaran, a faɗe shi yadda za a iya aikatawa. "Ka riƙa jawo ɗalibai cikin darasi" ba umarni ba ne da mutum zai iya bi. Ka ce, "Idan ka yi tambaya, ka ƙirga uku a zuciyarka kafin ka nuna kowa, kuma cikin kowace tambaya uku ɗaya ta tafi layin baya." Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna tun shekarun 1970 cewa malamai kusan daƙiƙa ɗaya suke jira bayan tambaya, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa uku, amsoshi suna tsawo, masu ɗaga hannu suna ƙaruwa. Abu ne da ba ya cin kuɗi, kuma malami yana ganin amfaninsa a rana ta farko. Wannan nasarar ta farko ita ke dawo da ƙarfin gwiwa, fiye da duk wani daɗin baki naka.

Ka rufe da tambayarsa ya maimaita abin da kuka tsayar da bakinsa, ku sa ranar da za ka dawo.

Idan malamin ya girme ka, ko ma ya koyar da kai, salon ya canja amma gaskiyar ba ta canjawa. "Baba, na lura da wani abu a ajin nan, ina son ka duba mini ko na gani daidai." Ka bar masa ƙofar da zai gyara ba tare da ya ji ɗan cikinsa ya koya masa aiki ba. Idan akwai abin da ya ƙware a kai, kuma da wuya a rasa, ka roƙe shi ya bar wani sabon malami ya zauna a ajinsa ya gani. Na ga dattijon da ya rage shekara biyu ya yi ritaya, wanda kowa ya ce ya riga ya ajiye aiki a zuciyarsa, ya koma rubuta sabon lesin not saboda an ce yara biyu masu yi wa ƙasa hidima za su zo kallon darasinsa.

Sabon malami kuwa, ko ɗalibi mai koyon aiki da aka turo daga kwalejin ilimi irin ta Gidan Waya, ya fi bukatar ka nuna masa da ka faɗa masa. Ka gayyace shi ajinka ya ga yadda kake yin abin da kake nema daga gare shi. Ka ba shi littafinka ya ƙirga maka tambayoyi kai ma.

7. Abin da za a rubuta

Layi huɗu sun isa: abin da ya yi kyau, abu ɗaya da zai gwada, abin da makaranta za ta yi, ranar komawa. Ka ba shi kwafi, naka ya zauna a littafinka. Ka rubuta a gabansa, kada ya ga a takarda abin da bai ji daga bakinka ba. Magana tana wucewa, rubutu kuwa mutum yana ɗauko shi da dare ya sake karantawa, don haka duk kalmar da ba za ka so a rubuta a kanka ba kada ka sa.

8. Ka koma

Wannan ne matakin da aka fi zubarwa, kuma rashinsa ya fi zafin harshe kashe gwiwa. Malami ya yi mako biyu yana gwada abin da ka ce, ya zuba ido, ba ka zo ba. Abin da ya koya shi ne maganar ta cika fom ce kawai. Wata rana idan ka sake zuwa zai ce "to" ya ci gaba da abinsa.

Bayan mako biyu ka shiga na minti 15, ka duba wannan abu ɗaya kawai. Ka cika naka alkawarin kafin ranar, domin ba za ka tambaye shi layin baya ba alhali allon yana nan yadda yake. Idan ka ga canji, ko kaɗan ne, ka faɗa masa a ranar da adadi: "Wancan karon babu ko ɗaya a baya, yau huɗu." Wannan yabon, idan ya yarda, shi ne za ka iya faɗa a taron malamai.

9. Idan bai gyaru ba

Ka bambance rashin iyawa da rashin yi. Wanda yake zuwa, yake ƙoƙari, amma darasin bai zauna masa ba, taimako yake bukata: a haɗa shi da wani a sashensa, a sauya masa aji, ko idan digiri gare shi ba tare da horon koyarwa ba a ƙarfafa shi ya yi PGDE, kwas ɗin koyarwa na masu digiri, wanda Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke nan kan hanyar Zariya take yi ba sai mutum ya bar aiki ba. Takardar tuhuma ba ta koya wa kowa koyarwa.

Wanda kuwa ba ya shiga aji, ko ya tara littattafan yara wata guda ba makin, wannan maganar ladabtarwa ce, kuma kau da kai daga gare shi yana kashe gwiwar masu aiki. Ko shi, ka faɗa masa baki da baki tukuna: "Malam, mun zauna sau biyu a kan wannan. Idan ya sake faruwa, dole in rubuta." Kada takarda ta zo masa bagatatan.

10. Fom ɗin ƙarshen shekara da baƙi daga waje

Ranar cika fom ɗin APER, wato rahoton aikin ma'aikaci na shekara, ƙa'ida ɗaya ce: kada ya ga sabon abu. Duk raunin da zai shiga fom ya zama an faɗa masa tun da sauran lokacin gyarawa. Ka zauna da shi ya karanta kafin ya sa hannu, kada ka miƙa masa shafin ƙarshe kawai ka nuna masa layi. Kuma kada ka raba wa kowa maki ɗaya don a zauna lafiya. Malamar da take kwana makin littafi 200 tana gani idan aka ba ta daidai da wanda ba a ganinsa sai ƙarshen wata, kuma shekara mai zuwa za ta rage.

Idan jami'an Hukumar Tabbatar da Ingancin Makarantu ta jiha ko na ofishin shiyya suka zo suka tafi, kai ne za ka sauke wa malamai abin da suka bari. Abin da ya shafi makaranta gaba ɗaya a faɗa a taro. Abin da ya shafi mutum ɗaya ya bi mataki na 5 da na 6. Haka ma idan sakamakon WAEC ko NECO ya fito da rauni a wani darasi, kada a ɗora wa malamin aji uku shi kaɗai. Yaran sun bi ta hannun mutum nawa kafin su iso gare shi?

11. Ka duba ko gwiwa ta yi sanyi

A makonni biyu bayan zama, ka sa ido. Malamin da yake zuwa ofishinka da tambaya ya daina. Wanda yake magana a taro ya koma "duk yadda kuka ce". Ya janye daga kula da ƙungiyar muhawara ko darasin ƙari da yake yi wa 'yan aji uku kyauta. Lesin not ya yi tsaf, aji kuwa ya mutu. Ko ka ji yana tambayar yadda ake neman canjin makaranta. Ruwa ba ya tsami banza.

Idan ka ga biyu daga cikin waɗannan, kada ka jira zango ya ƙare. Ka same shi inda babu kowa, ba tare da littafi a hannunka ba, ka ce, "Malam, tun ranar da muka zauna na ga kamar akwai abin da bai yi maka daɗi ba. Idan daga yadda na yi maganar ne, ka faɗa mini." Idan ya ce ba komai, ka ce ka ji, ka bar shi, ka sake tuntuɓarsa bayan kwana uku. Idan ya faɗa kuma ka ga da gaskiyarsa, ka ba shi haƙuri a kan yadda ka faɗa, gyaran kuwa yana nan, ku sa sabuwar ranar komawa.